Bob Marley: Mutumin Da Ke Bayan Faifan Legend



Da za a tara mu wuri ɗaya a ce kowa ya ambaci waƙoƙin Bob Marley da ya sani, na tabbata da wuya su wuce 14, kuma in an bincika za a tarar duk daga faifai guda suka fito, wato wanda ake kira Legend. Shi ne masu shagon kaset suka fi ajiyewa, shi ne kuma daga baya aka riƙa tura wa mutane a waya. To amma faifan nan ba Marley ne ya shirya shi ba. A watan Mayu na 1984 ya fito, shekara 3 bayan mutuwarsa. Kamfanin Island ya ɗora wa wani Bature mai suna Dave Robinson aikin zaɓen waƙoƙin, shi kuwa abin da ke gabansa shi ne yadda za a sayar wa Turawan Ingila, waɗanda suke ɗari-ɗari da mutum mai dogon gashi da tabar wiwi da maganar tayar da talakawa. Saboda haka ya tsinci masu sanyi, na soyayya da na rawa, ya ɗan yafa biyu ko uku masu zafi a kai. Ciniki kam ya yi, domin ba a taɓa sayen wani faifan rege kamarsa ba. Sai dai babu waƙa ko ɗaya a cikinsa daga Rastaman Vibration, babu daga Survival, alhali a nan ne mutumin ya fi buɗe cikinsa.

Ni an haife ni bayan ya mutu da shekaru, amma tun muna makaranta nake bin waƙoƙinsa, har na tara fayafayansa daga na farko zuwa na ƙarshe. Abin da na gano shi ne, in ka jera su bisa shekarun da suka fito, rayuwar mutumin ce take wucewa a kunnenka. Haka nake so mu bi ta.

An haifi Nesta Robert Marley ran 6 ga Fabrairu, 1945, a wani ƙauye mai suna Nine Mile, cikin duwatsun gundumar St. Ann a tsibirin Jamaika. Lokacin ƙasar tana hannun Ingila kamar tamu, kuma yawancin mutanenta jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne. Mahaifiyarsa Cedella baƙar fata ce, 'yar manomi, ba ta cika shekara 20 ba. Mahaifinsa Norval Marley farar fata ne, mai duba gonaki, ya girme ta da wajen shekara 40. An ɗaura aure, amma mutumin bai zauna ba, ya kuma mutu a 1955 yaron yana ɗan shekara 10. A hannun uwa da kaka ya tashi. Yana wajen shekara 12 uwar ta koma da shi Kingston, babban birni, suka sauka a unguwar Trench Town, inda gwamnati ta gina wa talakawa gidaje masu ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, madafi ɗaya. A can ya sha gori saboda launin fatarsa, Turawa ba su karɓe shi ba, baƙaƙe kuma suna kiransa ruwa biyu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda daga baya ya rungumi Afirka da hannu biyu ba.

Karatun boko bai yi nisa ba. Aka kai shi koyon walda, har wata rana ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa masa a ido. Da yamma kuwa shi da abokinsa na ƙuruciya Bunny Livingston suna zuwa tsakar gidan wani mawaƙi mai suna Joe Higgs, wanda yake koya wa yaran unguwa yadda ake haɗa murya ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. A nan suka haɗu da wani dogon saurayi mai gita da zafin kai, Peter Tosh. A 1962, shekarar da Jamaika ta sami mulkin kai, Marley ya yi faifansa na farko, Judge Not, yana ɗan shekara 17. Bai yi kasuwa ba. In ka saurare shi yau muryar yaro ce siririya, tana gudu tana bin kiɗa.

Kiɗan zamanin nan shi ake kira ska, mai sauri ne, ƙahoni sun yi masa yawa, kuma ba don rediyo aka fi yin sa ba. Masu manyan lasifikoki ne suke kafa su a fili da dare, jama'a su biya su shiga rawa, kowane mai lasifika yana neman sabuwar waƙar da abokin gasarsa ba shi da ita. Ɗaya daga cikinsu, Coxsone Dodd, mai situdiyon Studio One, shi ya ɗauki samarin nan a 1963 da sunan Wailers. Waƙarsu Simmer Down ta hau kan gaba a Jamaika a farkon 1964. Kira ne ga samarin unguwa masu wuƙa da bindiga, irin waɗanda mu nan za mu ce 'yan daba, cewa su sassauta. Daga cikin waƙoƙinsa na shekarun 1960 ita na fi so, domin yaro ne ɗan shekara 18 yake yi wa sa'o'insa faɗa, kuma suna rawa suna ji. A wannan zamani ne kuma suka fara yin One Love da saurin ska, shekara 12 kafin a sake ta cikin sanyin da duniya ta sani.

Suna ya fita, kuɗi bai shigo ba. Al'adar masu situdiyo a lokacin ita ce a biya mawaƙi ɗan abin da ya samu, faifai kuma ya zama nasu. Ran 10 ga Fabrairu, 1966, Marley ya auri Rita Anderson, bai daɗe ba ya tafi Amurka wajen mahaifiyarsa da ta koma jihar Delaware, ya shiga aikin ƙarfi yana tara kuɗin da zai kafa kamfanin faifai na kansa. Yana can, ran 21 ga Afrilu, Sarkin Habasha Haile Selassie ya kai ziyara Jamaika, dubban mutane suka cika filin jirgin sama. Rita tana cikin waɗanda suka gan shi, kuma daga ranar ta ba da gaskiya da aƙidar Rasta. Da mijin ya dawo shi ma ya shige ta gaba ɗaya.

Dole in ɗan tsaya a nan, don ba a gane waƙoƙinsa sai an san aƙidar. Ta taso ne a Jamaika bayan an naɗa Ras Tafari sarautar Habasha a 1930 ya ɗauki sunan Haile Selassie. Jikokin bayi da aka raba da asalinsu suka ga baƙar fata a kan gadon sarauta, a ƙasar da Turawa ba su mallaka ba, suka haɗa wannan da koyarwar Marcus Garvey ta komawa Afirka, har suka kai ga ɗaukar sarkin abin bauta. Shi Garvey ɗan gundumar St. Ann ne kamar Marley. Shi kuwa sarkin Kirista ne ɗan Cocin Orthodox na Habasha, bai taɓa cewa a bauta masa ba. 'Yan Rasta ba sa aski, ba sa tsefe gashi, har ya dunƙule ya zama igiya-igiya, suna ƙin naman alade, suna ɗaukar shan wiwi ibada, suna kiran tsarin danniya na Turawa da sunan Babila. Ba aƙidata ba ce, ba ta mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba ce, kuma wiwi ta lalata samari da yawa waɗanda hoton Marley suka rataya a ɗaki ba su ɗauki ƙwazonsa ba. Mutumin da ke hoton nan yakan tsare 'yan ƙungiyarsa a kan waƙa ɗaya awa da awanni sai ta zauna.

Shekarun 1970 da 1971 su ne, a ganina, lokacin da Wailers suka sami muryarsu. Kiɗan Jamaika ya rage gudu ya zama rege, ƙahoni suka ja baya, gitar bas da ganga suka karɓi ragama. Suka haɗu da Lee Perry, wani mai shirya faifai da ake yi wa kallon mai taɓin hankali saboda abubuwan da yake yi a situdiyo, shi kuma ya zo da makaɗa biyu wa da ƙane, Aston Barrett mai bas, wanda ake kira Family Man, da Carlton mai ganga. Mai karatu ya riƙe sunan Aston, za mu sake haɗuwa da shi. Faifan Soul Rebels da waƙoƙi irin su Small Axe da Duppy Conqueror daga nan suka fito, babu ado, babu ƙyale-ƙyale, muryoyi uku ne da bas mai dukan ƙirji. Sun rabu da Perry a kan kuɗi, bayan ya sayar da faifan a Ingila, amma makaɗan biyu suka zauna da Marley har ƙarshen ransa.

A 1972 tafiya ta ƙare musu a Landan babu kuɗin komawa gida. Suka je wurin Chris Blackwell, Bature tashin Jamaika, mai kamfanin Island. Ya ba su fam 4,000 su je su yi faifai, mutane suna ce masa ya yi asara, waɗannan ba za su dawo ba. Suka dawo da Catch a Fire, wanda ya fito a Afrilun 1973. Blackwell ya sa wasu makaɗa Amurkawa suka ƙara gita da molon Turawa a kai don kunnen masu sauraron rok, aka yi masa bango mai siffar ƙyastun sigari. Masu tsattsauran ra'ayi suna cewa an tsarma shi da ruwa. Ni dai Concrete Jungle, waƙar da ta buɗe shi, ban ga abin da aka rage mata ba, bayanin zaman talaka ne a birnin siminti inda rana ba ta leƙo shi. Wata shida bayan nan Burnin' ya biyo, ɗauke da Get Up, Stand Up da I Shot the Sheriff. Ta biyun nan Eric Clapton ya sake rera ta a 1974 ta hau kan gaba a Amurka, daga nan Turawa suka fara tambayar wane ne mai ita.

Nasarar ce ta raba su. Bunny ya ƙi yawon wasa a sanyin Turai, Tosh ya ga kamfani yana fifita Marley a kansu, a 1974 kowa ya kama gabansa. Ina cikin masu ganin cewa an yi rashi a nan, domin muryar Tosh mai kauri ita take sa wa ta Marley gishiri. Marley ya maye gurbinsu da mata uku 'yan amshi, matarsa Rita da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, ya fitar da Natty Dread a ƙarshen shekarar. A cikinsa ne No Woman, No Cry ta fara fitowa, amma wadda kowa ya sani ita ce wadda aka ɗauka a zauren Lyceum na Landan a Yulin 1975, jama'a suna amshi. Samarinmu da yawa sun ɗauki sunan waƙar da ma'anar cewa wanda ba shi da mace ya huta da kuka, har suna kafa hujja da ita in budurwa ta juya musu baya. Malamanmu na Turanci za su gafarta mini, a Turancin Jamaika lallashi ne, yana ba wata mace haƙuri ta share hawaye, yana tuna mata zaman da suka yi a tsakar gidan Trench Town suna hura wuta suna dafa kunun masara. A jikin faifan kuma sunan Vincent Ford aka sa a matsayin mai waƙar, wani abokinsa da yake ciyar da mayunwata a unguwar.

Rastaman Vibration na 1976 shi ya fara shiga sahun goma na farko a Amurka. A cikinsa akwai War, wadda kusan duk kalmominta daga jawabin da Haile Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1963 aka ɗauko su, a kan wariyar launin fata da sauran ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Turawa. Ban san wani mawaƙi da ya ɗauki jawabin shugaba ya ɗora a kan ganga har mutane suka haddace ba, in ba shi ba. Sarkin ma a lokacin ya riga ya mutu, sojoji sun tumɓuke shi a 1974, ya cika a tsare a Agustan 1975.

Shekarar 1976 ta zaɓe ce a Jamaika, tsakanin Firayim Minista Michael Manley na jam'iyyar PNP da Edward Seaga na JLP, kowanne da 'yan bangarsa masu bindiga a unguwannin Kingston. Marley ya yarda zai yi wasa kyauta don kwantar da hankali, sai gwamnati ta sa ranar zaɓe kwana 10 bayan wasan, abin ya zama kamar yana yi wa Manley kamfe. Ran 3 ga Disamba da dare 'yan bindiga suka afka gidansa mai lamba 56 a titin Hope. Harsashi ya goge shi a ƙirji ya shige hannu, aka harbi Rita a ka, manajansa Don Taylor ya sha harsasai da dama. Ikon Allah babu wanda ya mutu. Bayan kwana biyu ya hau dandamali gaban mutum wajen 80,000, ya yi wasansa, ya nuna musu raunin, sa'an nan ya bar ƙasar. Harsashin nan yana cikin hannunsa har aka binne shi.

A zaman gudun hijira na Landan ya yi Exodus, wanda ya fito a Yunin 1977, ya yi mako 56 a jere cikin jerin fayafayan da aka fi saye a Ingila. A 1999 mujallar Time ta zaɓe shi faifan da ya fi kowanne a ƙarni na 20. Fuska biyu gare shi, kamar yadda faifan garmaho yake, ta farko wa'azi da gargaɗi, ta biyu soyayya da rawa. Daga cikin waƙoƙi 5 da Legend ya ɗauka a nan, 4 daga fuska ta biyu suke. Natural Mystic, wadda take buɗe faifan tana tasowa a hankali kamar hadari daga gabas, an bar ta a baya, kuma ita ce zaɓina. Kaya na 1978 daga wannan zama ɗaya ya fito, mai laushi ne, har wasu suka ce harsashi ya tsorata shi.

A cikin wannan nasara ne, a Yulin 1977, likitoci suka duba wani ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama, wanda ya ɗauka raunin ƙwallo ne, don mutum ne mai son tamaula ƙwarai. Suka ce sankarar fata ce, suka ba da shawara a yanke yatsan. Ya ƙi. Aƙidarsa ba ta yarda a raba jiki da wata gaɓa ba, kuma yana tsoron abin da zai sami rawarsa a dandamali. Aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa, aka yi masa dashen fata, ya ci gaba da harkokinsa. Akwai labarin da ake yaɗawa cewa wai 'yan leƙen asirin Amurka ne suka sa masa waya mai guba a takalmi, amma babu wata hujja a kan haka. Irin wannan sankara sananniya ce a wurin likitoci, ba zafin rana ke kawo ta ba, takan fito a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kuma ita ce irin da ta fi samun baƙar fata cikin dangin cutar. Wanda ya ga baƙin tabo a irin wuraren nan yana girma, ko ciwon da ya ƙi warkewa, asibiti ya kamata ya nufa. Marley yana da shekara 32 lokacin, yana da kuɗin ganin kowane likita a duniya.

Ran 22 ga Afrilu, 1978, ya koma Kingston don wasan sulhu da shugabannin 'yan daba na ɓangarorin biyu suka shirya. Yana tsakiyar Jamming ya kira Manley da Seaga dandamali, ya haɗa hannayensu ya ɗaga sama da kansa. Hoton ya zaga duniya. In ka dubi fuskokin mutanen biyu za ka ga ba da son ransu ba ne. Sulhun bai daɗe ba, waɗanda suka shirya wasan, Claudie Massop da Bucky Marshall, duk an kashe su cikin shekara 2, zaɓen 1980 kuma ya ci rayuka wajen 800. A ƙarshen 1978 ya taka ƙasar Habasha karon farko, ya tarar da ita a hannun sojojin da suka kawar da sarkin da yake girmamawa.

Daga wannan tafiya Survival ya fito a Oktoban 1979, kuma in an ce in ɗauki ɗaya in bar saura, shi zan ɗauka. Bangonsa tutoci ne 48, kusan duk na ƙasashen Afirka, ta Nijeriya da ta Nijar suna ciki, a tsakani kuma zanen cikin jirgin bayi ne, an jera mutane kamar itacen girki. Babu waƙar soyayya ko ɗaya. Ambush in the Night labarin harin da aka kai masa ne, Africa Unite kiran haɗin kai ne, Zimbabwe kuwa goyon baya ne ga mayaƙan da suke fafatawa da gwamnatin Turawa tsiraru ta Rodeshiya. Malamanmu na Tarihi za su tuna cewa a wannan shekara ce gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP a Nijeriya, tana matsa wa Ingila lamba a kan al'amuran kudancin Afirka. Wato abin da gwamnatoci suke faɗa da takarda, shi yana faɗa da ganga, kuma nasa ya fi isa kunnen mayaƙan da ke daji.

Sau biyu kawai ya zo wasa Afirka, duk a 1980. Na farko a Gabon ne cikin Janairu, bisa gayyatar iyalan Shugaba Omar Bongo, abin da har yau nake ganin bai dace da mai waƙar talakawa ba, don Bongo mulkin jam'iyya ɗaya yake yi. Na biyu shi ne daren 17 ga Afrilu a filin wasa na Rufaro, a birnin Salisbury wanda ya koma Harare, daren da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Zimbabuwe. Shi ya biya kuɗin jigilar kayan kiɗansa da mutanensa daga aljihunsa. An cika filin da manyan baƙi, har da Yarima Charles da Indira Gandhi, talakawa da tsofaffin mayaƙa kuwa aka bar su a waje. Da suka ji muryarsa suka ture ƙofa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa, wasa ya tsaya na ɗan lokaci. Washegari ya sake yin wani kyauta domin waɗanda aka hana shiga. Bai rayu ya ga abin da Robert Mugabe ya zama ba.

Uprising ya fito a Yunin 1980. A watan ne ya tara mutum wajen 100,000 a filin San Siro na Milan. Waƙar da ta rufe faifan, Redemption Song, shi kaɗai ne da gitarsa, babu ganga, babu amshi, kuma wani sashe nata daga jawabin Garvey na 1937 ya samo shi, a kan 'yantar da tunani daga bauta. Muryar mutum ce wanda ya san jikinsa ba daidai yake ba. A Satumba, bayan wasa biyu a New York, ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a lambun Central Park. Likitoci suka tarar cutar ta kai ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Duk da haka ya je Pittsburgh ran 23 ga Satumba ya yi wasan da ya zama na ƙarshe. A Nuwamba aka yi masa baftisma a Cocin Orthodox na Habasha, aka sa masa suna Berhane Selassie. Ya tafi Jamus wurin wani likita mai suna Josef Issels, ya yi watanni, gashin nan duk ya zube, jiki ya ƙare. Da ya ga babu sauran dabara ya nemi a kai shi gida, amma bai isa ba. Ya mutu a asibiti a Miami ran 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36. Gwamnatin Jamaika ta yi masa jana'izar ƙasa ran 21 ga Mayu, Seaga, wanda ya zama Firayim Minista, shi ya yi jawabin yabo, Manley yana wurin. Aka binne shi a Nine Mile tare da gitarsa.

Bai taɓa yin wasa a Nijeriya ba, amma kafin shekarun 1980 su ƙare rege ya cika ƙasar, ga Majek Fashek, ga Ras Kimono, ga Mandators. A Kwaddibuwa Alpha Blondy har Kingston ya je ya yi faifan Jerusalem da makaɗan Marley a 1986. Wanda yake son jin tafiyar daga farko, akwai tarin Songs of Freedom na 1992, faifai 4, ya fara da Judge Not ya ƙare da Redemption Song kamar yadda ya rera ta a daren Pittsburgh.

Sauran magana ta gida ce, kuma ba ta da daɗi. Yana tare da Rita har ya mutu, amma ya haifi 'ya'ya da mata dabam-dabam ba tare da aure ba, ciki har da Cindy Breakspeare wadda ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1976. 'Ya'ya 11 iyalin suka amince da su. Ga dukiya ta miliyoyin daloli, ga haƙƙin waƙoƙi, shi kuwa ya ƙi barin wasiyya, domin a aƙidarsa rubuta ta yarda da mutuwa ne. Mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ke samun fayil ɗin mamacin da bai bar takarda ba, ko da ɗan kuɗin sallama ne, balle wannan. Shekara 10 aka yi ana shari'a, lauyoyi suna ci, sai a 1991 kotun Jamaika ta miƙa ragamar dukiyar ga iyalin tare da goyon bayan Blackwell. Kafin nan, a 1987, an harbe Carlton Barrett mai ganga a ƙofar gidansa cikin Afrilu, 'yan fashi kuma suka kashe Peter Tosh a gidansa cikin Satumba.

Makaɗan da suka yi shekara 10 a bayansa yawancinsu da fatar baki suka yi aiki da shi. Aston Barrett, wanda bas ɗinsa ne ƙashin bayan kowane faifai daga Soul Rebels zuwa Uprising, ya kai ƙara kotun Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa da na ƙanensa marigayi. A 2006 alƙali ya kori ƙarar, bisa hujjar cewa ya riga ya sa hannu a wata yarjejeniyar sulhu a 1994, aka kuma ɗora masa kuɗin shari'a. Ya ci gaba da yawon wasa da sunan Wailers har ƙarfinsa ya ƙare. Ya mutu a Fabrairun 2024, shi ma a Miami.